Burodin da Na Riƙa Kai wa Inna

Shekara ashirin da ɗoriya ina aikin duba dabbobi a Dakoro, kuma idan akwai maganar da masu kiwo suka gaji da ji daga bakina, to maganar tumbi ce. Duk lokacin da layya ta gabato, sai mutum ya sayo rago daga daji, ragon da tun haihuwarsa ciyawa kawai ya sani, ya ɗaure shi a gida ya cika masa kwano da hatsi don ya yi ƙiba da wuri. Kwana biyu sai a aiko mini cewa rago ya kumbura, yana zawo, ya ƙi tashi. In je in tarar da mai shi ya yi tagumi, maimakon in lallashe shi sai in buɗe masa wuta. In ce masa cikin dabba ba buhu ba ne. Akwai ƙananan halittu a tumbinta waɗanda ido ba ya gani, su ne ke narka mata abinci, kuma sun saba da abin da suka saba. Idan za ka sauya mata ci, sai a hankali. Na faɗi wannan a rugage, na faɗa a kasuwar dabbobi, na faɗa wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Wani tsohon Bafulatani da ke zaune da shanunsa a bakin gari har suna ya raɗa mini, malamin tumbi, ni kuwa ina ta jin daɗi, na daɗe ban gane tsokanata yake yi ba.

Na fara da wannan ne don a san abin da na yi wa mahaifiyata ban yi shi don rashin karatu ba.

Ni ne ɗanta na fari. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni zuwa ƙauyensu, daga can aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, a Kornaka, daga Kornaka sai Maradi, daga Maradi sai aiki. Idan na je gida na durƙusa na gaishe ta, Inna takan juya ga duk wanda ke kusa ta ce, "Ku tambaye shi ya hanya." Ni ma in amsa wa wancan mutumin. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, haka na ga kowa yana yi, har ina jin wani girma a ciki. Autarmu kuwa, ƙanwata da ke aure a ƙauyen da aka haife mu, ita ko a yau sai ta kwanta a cinyar Inna tana gardama da ita a kan gishirin miya.

Da mahaifinmu ya rasu, Inna ta fita takaba, na ce ba za ta ƙara damina a ƙauye ba. Na gina mata ɗaki a gidana, na sa siminti a ƙasa, na rufa da kwano. Ban tambaye ta ko tana so ba, domin babu hanyar da zan tambaye ta, ita ma babu hanyar da za ta ce mini a'a. Na aika mota ta ɗauko ta da akwatinta da ƙoranta da wata tsohuwar taɓarya da ta ƙi bari.

Ya kamata in faɗi matsayin burodi a zuciyata. Ban taɓa ɗanɗana shi ba sai da na je karatu Maradi, shi ma guntun da wani ɗan birni ya rage ne ya miƙo mini. A ranar na tuna wata shekarar yunwa da na je hutu gida, na ga Inna tana ƙara wa fura ruwa, tana ƙarawa, har ludayi ya daina kamo komai. Tun daga nan fura ta zama mini alamar wahala, burodi kuma alamar cewa mutum ya fita. Na yi wa kaina alkawari cewa duk ranar da na samu, bakin uwata zai huta da hatsi.

Na kuwa cika alkawari, har na wuce gona da iri. Kullum bayan sallar asuba zan hau babur in je wajen mai burodi kusa da tasha, in zaɓi dogo mai ɗumi, a naɗe mini shi a takarda, in saƙale shi a hammata in dawo. Ban taɓa aiken kowa ba. Zan tsaya a bakin ƙofarta in yi sallama, in durƙusa, in ajiye shi a kan faifai, in gaishe ta. Ita kuma ta kawar da kai ta ce wa matata, wadda a lokacin take shigo da shayi, "A ce mishi Allah shi yi albarka." Turamen haƙoranta sun zube saura kaɗan, don haka burodin da aka jiƙa a shayi da madara ya zo daidai da bakinta. Na ce wa matata a daina dama mata fura. Da rana a dafa mata taliya, da yamma a sayo fanke. Taɓaryar ma na sa aka jefa ta bayan ɗakin ajiya, na ce hannun da ya yi shekara hamsin yana daka ya isa hutu.

Wata huɗu ko biyar da zuwanta matata ta fara lura butar Inna ba ta hutawa. Tana yawan zagayawa, cikinta ya ɗaure tamau, sauran jikin kuwa yana zubewa. Zanen da take ɗaurawa daidai ya koma sai ta ƙara naɗi. Gyambo ya fito mata a baki, idan ta miƙe sai ta dafa bango. Ni da nake buɗe fatar idon akuya in gane jininta ya yi ƙasa, ban iya matsawa kusa da uwata in duba nata idon ba. Daga nesa nake yin likitancina. Na ce tsutsar ciki ce, na sayo magani. Bai yi ba, na ce ruwan gari ne, na sayo kafso. Shi ma bai yi ba, na sauya wani kafson. Muka kai ta asibitin gari, aka yi mata maganin zazzaɓin sauro, aka yi na taifot. Ba na ganin laifinsu, abin da suka fi gani ke nan, kuma duk tambayar da suka yi mata ni ne na amsa.

A nan ne al'adarmu ta zo ta ƙara wa wutar itace. A Dakoro mai zuwa dubiya ba ya zuwa hannu rabbana, kuma abin da ake ganin ya dace da marar lafiya shi ne burodi da madarar gwangwani da sukari. Abokan aikina sun kawo, maƙwabta sun kawo, matan unguwa sun kawo. Tuwo an ce ya yi mata nauyi, fura an ce sanyi ce. Duk yadda ciwon ya ƙaru haka burodin yake ƙaruwa, har akwai makon da ba abin da ya shiga cikinta sai shi. Ni kuma idan na ga tulinsa a ɗakinta sai in ji daɗi, in ce mutane sun san darajata.

Allah ya nuna mini alama sau biyu, duka biyun na karanta su a juye. Ta farko, autarmu ta haihu, Inna ta ce sai ta je ta zauna mata har a yi arba'in. Ban so ba, amma ba a hana uwa wannan. Ta tafi tana dafa bango, ta dawo tana ɗauke da ƙullinta da kanta, kumatu sun ciko. Kafin ta dawo auta ta kira ni a salula ta ce, "Yaya, ka bar muna ita nan mana. Tunda ta zo hura take sha, zawon nan ya tsaya cak." Na ce mata, "Hurar da ta sha shekara sittin ba ta ishe ta ba? Kahwson da na ba ta ne ya hwara aiki." Na kashe wayar ina jin haushin wai an ce ƙauye ya fi gidana. Mako uku da dawowarta buta ta koma aikinta.

Alama ta biyu ita ce take hana ni sakewa har yau. Wata safiya na fita, na tuna na manta akwatin allurar dabbobi, na dawo. Ina shigowa na tarar da Inna zaune a bakin ƙofa tana marmasa burodin tana watsa wa kaji. Raina ya ɓaci. Na ɗauka halin tsofaffin ƙauye ne, waɗanda ba su iya cin abu mai kyau sai sun ga kamar almubazzaranci ne. Na juya ga matata na ɗaga murya don Inna ta ji, na ce daga yau ba zan fita aiki ba sai an cinye abin da na kawo. Haka kuwa aka yi. Kullum in ajiye burodi, in jawo wata 'yar kujera in zauna a gefen ƙofar na ba ta baya, ina sauraron cokali yana buga kofi har ya yi shiru, sannan in tashi. Matata ta taɓa buɗe baki za ta yi magana, na harare ta, ta haɗiye. Ita ma suruka ce, kunyarta ba ta bar ta ta zauna da Inna ta tambaye ta dalili ba. Kujerar tana nan a gidan har yanzu, ba na zama a kanta.

Wata rana tana alwalar azahar ta yanke jiki ta faɗi. Muka ɗauke ta zuwa Maradi, aka ƙara mata jini, aka ce wannan ciwon ya fi ƙarfin nan, mu wuce Yamai wajen likitan ciki. Auta ta goya jaririyarta ta biyo mu. A hanya Inna tana jingine da kafaɗarta, ni ina gaba kusa da direba ina leƙenta ta madubi. A nan ne na fara jin tsoro na gaske, na ga zan iya komawa Dakoro ba tare da ita ba.

Likitar da muka samu mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, kuma tana jin Hausa sarai. Ta duba takardun da muka taho da su, ta ajiye, ta yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi.

"Me take ci?"

Na gyara zama na lissafa mata: burodi da shayi, taliya, fanke. Ina faɗa ina jiran ta yaba mini.

"Kafin ta zo wurinka fa?"

Na ce, "Hura da tuwon hatsi, abincin ƙauye dai."

Ta juya ga Inna ta ce, "Inna, ke ya kike ji idan kin ci?" Inna ta dubi auta, auta ta dubi ƙasa. Likitar ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce mini, "Malam, kai ne na fari?" Na ce ni ne. Ta ce, "To ɗan ba mu wuri."

Na fita na tsaya a baranda ina cika ina batsewa, wai ni da na kawo marar lafiya ni aka kora. Bayan wani lokaci auta ta fito idonta ya yi ja. Ta ce, "Yaya, ta sani hwa. Ta ce tun watan hwarko ta gane. In ta ci burodi cikinta shina murɗawa, in ta sha hura shi lahwa." Na ce, "To mi ya hana ta hwaɗi?" Auta ta ce, "Ga wa?"

Aka ɗebi jininta, gwajin ya nuna abin da likitar take zato. Amma ta ce kafin ta tabbatar sai an zura wata siririyar roba mai ido ta baki har cikin hanji, a gutsuro ɗan ƙanƙanin nama a duba, kuma layin ba zai zo kanmu ba sai bayan kwana tara. Sannan ta faɗi abin da ya fi komai yi mini nauyi: kada a daina ba ta burodi kafin ranar, ko da kaɗan ne, domin idan aka daina hanjin zai fara warkewa, alamar ta dusashe, a rasa tabbaci. Auta ta ce ita za ta riƙa sayowa. Na ce a'a. Kwana tara ina fita da safe daga gidan ɗan'uwan da ya sauke mu, in sayo burodi in ajiye a gaban uwata, wannan karon na san abin da nake ajiyewa. Ita kuma ba ta fasa ba, kullum sai ta ce wa auta, "A ce mishi Allah shi yi albarka."

Da sakamako ya fito likitar ta zaunar da mu duka, har da ni. Ta ce sunan cutar da Faransanci seliyak. Ta ce cikin hanjin mutum ba sumul yake ba, yana da 'yan tsiro-tsiro kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci. Fatar cikin hanjin kuma shinge ce, kamar zana mai kyakkyawar saƙa, abin da ya dace ya wuce cikin jini ya wuce, sauran a tare shi. A cikin alkama akwai wani abu mai danƙo, shi ne yake sa kwaɓin fulawa yana miƙewa idan an ja shi. Yawancin mutane ba ya yi musu komai. Amma ga masu wannan cuta, da zarar ya isa hanji sai garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba, ta far masa, kuma a kan shingen ake yin faɗan. Tsiron ya kwanta, saƙar ta saki, abinci ya riƙa wucewa ba tare da jiki ya amfana ba. Ta ce shi ya sa Inna tana ci kullum amma yunwa ce take cinye ta.

Na tambaye ta daga ina ake ɗauko ta. Ta ce ba a ɗauka, shirin cutar yana bin jini ne, amma mutane da yawa suna ɗauke da shirin har su mutu suna cin alkama lafiya lau, kaɗan ne take tasar musu. Me ya sa wannan ta kama shi wancan ta bar shi, shi ne abin da masu bincike suke nema har yanzu. Cikin abubuwan da ake zargi akwai ƙananan halittun da ke zaune a hanji. Wasunsu suna taimakawa wajen narka danƙon alkamar, wasu suna fitar da abin da ke ciyar da shingen ya yi ƙarfi, kuma an lura cewa taronsu a cikin masu cutar ya bambanta da na masu lafiya. Abin da ba a gama ganewa ba shi ne, sauyawarsu ce ke buɗe wa cutar hanya, ko kuwa cutar ce ke sauya su.

Ina jin ta ambaci ƙananan halittu sai malamin tumbi ya motsa a cikina, duk da halin da nake ciki. Na ce, "Kamar tumbin rago ke nan!" Ta yi dariya ta ce, "Da ɗan kama, Malam. Amma rago idan ka bi shi a hankali zai saba da hatsi. Ita Inna ba za ta taɓa sabawa da alkama ba, ko a hankali ko da sauri." Sai na tambayi abin da ke cina, na ce kafson da na yi ta ɗura mata fa? Ta ce, "Kafso ba ya zaɓe, yana kashe na banza har da na kirki. Amma ko yana da hannu wajen tasowar ciwon, ban sani ba. Duk wanda ya ce maka ya sani, ya wuce inda bincike ya kai." Na so ta ce mini ba laifina, ko kuma ta ce laifina ne in san inda zan tsaya. Ba ta ba ni ko ɗaya ba, kuma daga baya na girmama ta a kan haka.

Kafin mu tashi ta ce akwai abokan aikinta da ke nazarin waɗannan halittu, kuma ba su cika samun irin su Inna ba, mutanen da suka yi rayuwarsu a kan hatsi da nono sai da tsufa suka haɗu da alkama. Idan Inna ta yarda, suna son ɗan samfurin bayan gidanta, idan ba ta yarda ba babu komai. Auta ta sake yi mata bayani a kunne. Inna ta rufe baki da gefen mayafi ta ce, "Ikon Allah. Ashe har wannan ma ana so a Yamai." Likitar ta yi dariya har da hawaye. Inna ta yarda, ta ce su ɗauka, ba ta rowar abin da ba ta da amfani da shi.

Magani kuwa, ban da ƙwayoyin ƙarin jini, ba wani magani sai barin alkama har abada. Na ce to me za ta ci? Likitar ta ƙirga mini da yatsu: hatsi wato gero, dawa, masara, shinkafa, wake, nono, ganye. Na ratsa rabin ƙasar nan da uwata a kwance don a rubuta mini abin da ke cikin rumbun ubana.

Muka dawo Dakoro, matata ta karɓi aikin da hannu biyu, kuma ita ce ta gano inda alkama take ɓuya. Ta gano mai ɗan waken unguwa tana haɗawa da fulawa. Ta gano mai ƙosai a man da ta soya fanke take soyawa. Dunƙulen miya na kanti ba mu san abin da ke cikinsa ba, ta ajiye shi ta koma daddawa. Ta ware wa Inna tukunyarta da muciyarta. Wahalar da ta fi ita ce ta masu dubiya, domin mayar wa mutum da burodinsa a ƙofar gida ba ƙaramin abu ba ne. Sai muka riƙa karɓa da godiya muna miƙa wa maƙwabta ta bayan gida. Duk da haka magana ta zaga cewa na kai tsohuwa Yamai na dawo na ɗora ta a kan fura, wai ko hannuna ya fara ƙanƙancewa. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, na shiga bin mutane ina yi musu bayanin shinge da gashin tawul, har wasu suna hango ni suna sauya hanya.

Sauƙi ya zo a hankali, kamar yadda likitar ta ce. Zawon ya tsaya, bakin ya warke, ta daina dafa bango. Wata rana da la'asar ina shigowa gida na ji lugude, na leƙa na ga Inna ta zaƙulo taɓaryarta daga bayan ɗakin ajiya tana daka. Na wuce sumsum.

A wannan lokacin na yi ta karance-karance a salula game da binciken, abin da Faransancina ya iya ɗauka. Mafi yawansa yana ƙarewa ne da cewa ana buƙatar ƙarin nazari, kuma na koyi yin haƙuri da wannan amsa. Nakan zauna ina tunanin halittun da ke cikin Inna, waɗanda suka tashi a kan furar uwarta da nonon shanun ƙauyenmu, rana ɗaya na sauya musu duniya ban yi shawara da kowa ba. Ban ce su ne sanadi ba, likitar ta hana ni faɗin abin da ba a sani ba. Abin da na sani shi ne na yi shekaru ina zagin mutane don ba su kula da abin da cikin rago ya saba da shi ba, kuma ko sau ɗaya ban tambayi abin da cikin uwata ya saba da shi ba. Ni ma an gwada jinina ba a sami komai ba, an ce in ci burodina. Ina wucewa ta gaban mai burodin tasha ina kawar da kai.

Sai dai akwai abin da ya sauya a gidan wanda ban lura da shi ba. Tun da aka daina burodi na daina zuwa ƙofarta da safe. Kunya ce ta hana ni, kuma ba ni da abin da zan riƙo. Sai in gaishe ta daga tsakar gida ina tura babur, in wuce. Jikinta yana ta murmurewa, amma maganarta tana raguwa. Ana nan sai matata ta gaya mini Inna ta ce a aika wa auta, idan kaka ta yi a zo a mayar da ita ƙauye. Na ce a raina fushi take yi da ni, kuma tana da gaskiya.

Ana saura mako guda auta ta zo, na dawo gida da hantsi ɗaukar wata takarda. Matata ta tafi suna, gidan ba kowa sai Inna a ƙarƙashin rumfa tana dama fura a ƙwarya. Na yi kamar zan wuce, ƙafata ta ƙi. Na durƙusa daga ɗan nesa, na fuskanci ginshiƙin rumfar, tunda ba wanda zan bi ta kansa, na ce, "Da za a tambayar mini Inna, mi ya sa ta yi ta ci tana sane?"

Ta juya ludayi a cikin furar. Sannan ta yi magana tana kallon cikin ƙwaryar.

"A ce mishi, ana yaye shi anka ɗauke mini shi. Shekara arba'in da wani abu ba ni da shi sai gaisuwar salla. Sai ga shi kullum da sahe bakin ƙohwata, da abu a hammata, shina murna. Da ya ga na ba kaji, har zama ya riƙa yi. In na ce abin shina cuta ta, da mi za shi zo?"

Ta ɗaga ludayin ta duba kaurin furar, ta mayar.

"Yanzu ga lahiya ta samu, alhamdu lillahi. Ƙohwa kuwa ba kowa."

Ban taɓa kuka a gaban Inna ba tun ina goye, ranar ma ginshiƙin rumfar na yi wa. Na share hawaye na ce, "Za a gaya mishi, Inna."

Washegari bayan asuba na hau babur na nufi bakin gari wajen tsohon Bafulatanin nan. Ya gan ni da ƙwarya ya ce, "Malamin tumbi, yau wace dabba ce ba lahiya?" Na ce nono nake so, na jiya da ya kwana, kuma kullum zan riƙa zuwa. Matarsa ta cika mini ta rufe da faifai. Ƙwarya ba ta shiga hammata, sai da na ɗaure ta a bayan babur na taho a hankali, na sauke ta da hannu biyu har bakin ƙofar Inna. Na yi sallama, na durƙusa, na ajiye. Da auta ta zo ɗaukarta, Inna ta ce mata ta koma, ta fasa.

Kwana kamar goma ina kaiwa, kullum amsa ɗaya ce, Allah shi yi albarka. Sai wata safiya na ajiye ƙwaryar, ta buɗe faifai, ta ɗiba da ludayi ta ɗanɗana, ta ɓata fuska. Matata tana tsaye da tsintsiya a hannu. Inna ta juya gare ta ta ce, "A ce mishi nonon yau ya cika tsami. Gobe shi ɗanɗana kahin shi karɓo."

Na ce, "To, Inna." Na tashi na tura babur, kuma har na isa wurin aiki bakina bai rufu ba.